Ga Ni, Malama

Shekara guda ke nan cif da muka binne mahaifiyarmu, kuma sai yanzu na iya zama in rubuta wani abu a kanta wanda ya wuce 'yan layukan da aka karanta a coci ranar jana'izarta. Waɗancan layuka ni na rubuta su cikin dare ɗaya, kuma babu ƙarya ko ɗaya a cikinsu: ta yi aure, ta haifi 'ya'ya huɗu, ta koyar a makarantar firamare ta Katolika fiye da shekara talatin, ta yi ritaya, ta yi doguwar jinya, Ubangiji ya kira ta. Sai dai akwai abin da na tsallake da gangan, domin ranar binne uwa ba ranar faɗin irinsa ba ce. Abin kuwa shi ne, na yi shekaru masu yawa ina jin haushin aikin nan da mutane suka yi ta zuwa suna yabonta a kansa, saboda a ganina na wancan lokaci shi ne ya raba ni da uwata.

Ina da shekara bakwai aka sa ni a ajinta. Kafin ranar farko ta zaunar da ni ta ce, daga ƙofar makaranta zuwa ciki sunanta Malama, kuma duk abin da ya shafi sauran yara ya shafe ni. Na ce na ji, amma jin yaro ɗan shekara bakwai bai wuce kunne ba. Da safe kuwa, ana tsakiyar darasin lissafi, na ɗaga hannu na ce, "Mama." Ba ta waiwayo ba. Na sake kira, ta ci gaba da rubutu a allo kamar iska ce ta kaɗa. A na ukun ta ajiye alli, ta juyo ta dubi ajin gaba ɗaya, ta ce cikin sanyin murya, "A ajin nan babu mai wannan suna." Yara suka fashe da dariya, ni kuwa na kifa kai a kan tebur na yi kukan da har yau ina jin ɗacinsa a maƙogwaro. Da aka tashi ta kama hannuna muka koma gida, ba ta ambaci maganar ba, ni ma ban ambata ba, kuma daga ranar ban ƙara kuskuren kiranta Mama a cikin aji ba.

Duk wanda ya zauna a ajinta zai fara ba ka labarin kiran rajista, domin a nan ne halinta ya fi fitowa fili. Kafin makon farko na zango ya ƙare ta riga ta haddace sunan kowane yaro da sunan mahaifinsa, don haka rajistar tana buɗe ne kawai a gabanta saboda sa alama, idanunta kuwa suna kan fuskokinmu. Takan kira suna, mai suna ya miƙe ya ce, "Ga ni, Malama," ita kuma ta dube shi na ɗan lokaci kafin ta wuce, kamar mai duba lafiyar abin da aka ba ta amana. A cikin wannan ɗan kallo take gane wanda ya kwana da zazzaɓi, da wanda ya fito gida ba a wanke masa fuska ba, da wanda aka yi rigima a gidansu daren jiya. Labarin zuciya, in ji masu iya magana, a tambayi fuska. Idan kuwa ta kira suna aka yi shiru, ba ta wucewa nan take. Takan sake kira, ta jira, sannan ta tambaya wa ya gan shi jiya. In shirun ya kai kwana biyu, to mun san cewa ranar ba za mu isa gida da wuri ba, domin sai mun bi ta gidan yaron ta ji dalili da kunnenta.

Mu 'ya'yanta mu ne muka biya kuɗin wannan kulawa, kuma ba zan ɓoye cewa mun biya da tsada ba. Teburin da ya kamata mu yi aikin gida a kai kullum cike yake da littattafan 'ya'yan wasu, ita kuma tana zaune da jan biro har dare ya raba, tana duba su ɗaya bayan ɗaya. Namu aikin shi ne na ƙarshe da za ta duba, wani lokaci ma barci ya riga ya kwashe mu. Akwai rigar sanyin da nake matuƙar so, wadda na neme ta sama da ƙasa wata safiya, sai na gan ta a jikin wani yaro a layin taron safe. Akwai yaran da suka kwana a ɗakinmu makonni saboda uwarsu tana asibiti. In muka yi gunaguni, amsarta ɗaya ce, ba ta canzawa: ɗa na kowa ne. Ni kuwa a zuciyata ina cewa, to, uwa fa? Ita ma ta kowa ce? Ban taɓa samun ƙarfin halin furta wannan tambaya a gabanta ba, amma na ɗauke ta a cikina har na girma na yi gemu.

Sai da na manyanta na fara fahimtar irin zamanin da ta shiga aikin, kuma fahimtar ta rage mini wani ɓangare na haushin, ko da yake ta mayar da wani ɓangaren kan wasu. Ta fara koyarwa ne a shekarun da suka biyo bayan Babban Taron Vatican na Biyu, wanda aka buɗe a 1962 aka rufe a 1965, lokacin da abubuwa da dama suke sauyawa a Ikilisiyar Katolika. Ta girma tana jin sujadar Mas da harshen Latin, ta zama malama a daidai lokacin da aka fara yin ta da harsunan da jama'a ke ji. A cikin takardun da taron ya fitar akwai wadda ta shafi tarbiyyar Kirista, mai ɗauke da kwanan wata 28 ga Oktoba, 1965, a zamanin Fafaroma Paul na Shida. Takardar ta ce iyaye su ne malamai na farko kuma mafi girma ga 'ya'yansu, ta kuma tunatar da malamai cewa kusan dukan nasarar makarantar Katolika a kansu ta rataya. Mahaifiyarmu ta tsaya a tsakiyar waɗannan jimloli biyu, kowace tana jan ta zuwa gefenta, domin ita uwa ce kuma ita malama ce, alhali awa ashirin da huɗu ne a ranarta kamar na kowa.

A da, a wurare da yawa, Sistoci ne ke riƙe da irin waɗannan makarantu, matan da suka yi alkawarin ba za su yi aure ba, waɗanda makarantar ita ce gidansu kuma ɗaliban su ne 'ya'yansu. Da yawansu ya fara raguwa a azuzuwa, sai matan aure irin mahaifiyarmu suka gaji allin, suka kuma gaji duk abin da ake tsammani daga Sista: zuwa kafin kowa, tashi bayan kowa, koyar da katikizim, wato darasin addini, ranar Asabar, shirya yara don bukukuwan coci, ziyarar marasa lafiya. Abin da ba a lissafa ba shi ne, ita in ta tashi daga makaranta akwai yara huɗu da miji da ke jiranta, kuma albashin da ake ba ta bai taɓa yin daidai da wahalar ba. A ra'ayina masu tafiyar da makarantar sun ci moriyar haƙurinta fiye da kima, domin sun san ba za ta ce a'a ba muddin an ambaci yara. Na taɓa faɗa mata haka bayan ta yi ritaya, ta dube ni ta ce, "Kai dai ka iya lissafi." Ba ta ce na yi ƙarya ba.

A bangon da ke saman teburinta na gida akwai hotuna uku da suka daɗe har launinsu ya koɗe, kuma ina ganin wanda ya san labarin mutanen da ke cikinsu ya san rabin mahaifiyata. Na farko na Waliyyiya Elizabeth Ann Seton ne, wadda aka haifa a birnin New York na Amurka a 1774. Mijinta ya rasu a Italiya a 1803 ya bar ta da 'ya'ya biyar, ta shiga Katolika a 1805, sannan ta koma Emmitsburg a jihar Maryland inda ta buɗe makarantar 'yan mata a 1810, tana renon 'ya'yanta tana koyar da na wasu. Biyu daga cikin 'ya'yanta mata sun riga ta mutuwa, ita kuma ta rasu a 1821. Ranar 14 ga Satumba, 1975, aka ayyana ta a matsayin waliyyiya, ta farko cikin waɗanda aka haifa a Amurka, a lokacin da mahaifiyarmu take fama da goyo da alli a tare. In gajiya ta kai mata iya wuya, takan ɗaga kai ta dubi hoton ta ce, "Ita biyar ta haifa kuma ba miji, ni huɗu ne ga mijina a raye, ina na ga bakin kuka?"

Hoto na biyu na Don Bosco ne, firist ɗin birnin Turin na Italiya wanda ya rayu daga 1815 zuwa 1888, ya kuma ba da rayuwarsa ga yara maza marasa galihu da ke gararamba a titunan birnin. Daga wurinsa ta ɗauki hanyar tarbiyyar da ya gina a kan abubuwa uku, wato hankali da addini da nuna ƙauna, wadda manufarta ita ce malami ya kasance tare da yara har ya tare laifi tun kafin a aikata shi, maimakon ya jira a yi laifin sannan ya ɗauko bulala. Ba da wannan ra'ayi ta fara aiki ba. Ita da bakinta ta ba mu labarin cewa a shekarunta na farko tana da bulala kamar sauran malamai, har ranar da ta zane wani yaro saboda yawan barci a aji, daga baya ta gano cewa shi ke kwana a zaune yana jinyar kakarsa, domin ba su da kowa. Ta ce ta koma gida ranar ta kasa haɗiyar ko ruwa, washegari ta karya bulalar ta jefar, kuma daga nan ne ta fara bin sawun duk yaron da ta ga alamarsa ba daidai ba. Wato ziyarce-ziyarcen nan da suka hana mu isa gida da wuri, asalinsu wani bashi ne da take ganin wani yaro yana bin ta, kuma ta yi shekara talatin tana biya.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin Don Bosco, wanda ban lura da shi ba sai bayan rasuwarta, shi ne labarin mahaifiyarsa, Margherita. A 1846 ta bar ƙauyensu ta bi ɗanta zuwa Turin, ta zama uwa ga yaran da ya tara, tana dafa musu abinci tana ɗinke musu tsummokara, har ta rasu a 1856 a tsakiyarsu. Yaran suna kiranta Mama, kamar yadda ɗan cikinta yake kiranta. Mahaifiyarmu ta sha ba mu wannan labari muna yara, ni kuwa ina saurare ne da rabin kunne. Yanzu nakan tambayi kaina ko da gangan take maimaita mini shi, ko tana so ne in ga cewa akwai ɗan da ya ɗauki uwarsa da hannunsa ya ba 'ya'yan wasu, bai kuma ji cewa an rage masa komai ba. In haka ne nufinta, to darasin bai shiga ba a lokacin, domin ni ba Don Bosco ba ne, yaro ne kawai mai neman rigar sanyinsa.

Aikin da ta fi alfahari da shi shi ne shirya yara don karɓar Tarayya Mai Tsarki ta farko, wato Jibin Ubangiji. Tun 1910, lokacin da Fafaroma Pius na Goma ya ba da umarnin cewa yaro zai iya karɓa da zarar ya kai shekarun sanin ya kamata, wato wajen shekara bakwai, wannan nauyi ya sauka a kan malaman ƙananan azuzuwa, kuma ajinta ne ajin 'yan shekara bakwai. Tana koyar da katikizim ta hanyar tambaya da amsa kamar yadda ita ma aka koya mata, amma ba ta yarda yaro ya tsaya a hadda. In ka ba ta amsar littafi daidai, sai ta ce, "Madalla, yanzu faɗa mini da bakinka, kamar kana gaya wa ƙanwarka." A nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya yi aku. Akwai kuma yara a ajin waɗanda iyayensu ba Katolika ba ne, wasu ma ba Kirista ba ne, kuma ban taɓa ganin ta matsa wa ɗayansu ya yi alamar gicciye ko ya furta addu'ar da ba ta gidansu ba ce. Takan ce iyayensu sun kawo su ne a koya musu karatu da rubutu da gaskiya, kuma wanda ya ci amanar iyaye da sunan Allah bai san Allah ba. Da yawa daga cikin waɗannan yara, yanzu dattawa, sun zo jana'izarta sun tsaya a bayan coci har aka gama.

Ba na so in mayar da ita waliyyiya ta huɗu a bangon, domin da tana nan da ta ɗauki jan biro ta soke. Mace ce mai tsauri wadda yabo yake yi wa nauyi a baki, musamman in yabon ya shafi nata. Ban taɓa jin ta ce wa ɗayanmu "yi haƙuri, na yi kuskure" ba. In ta gane ta ƙware ka, sai dai ka ga ta gyara maka wuyan riga ba dalili, ko ta zauna a bakin gadonka ta yi shiru. A ƙarshen shekarar da na yi a ajinta, makina ya zo daidai da na wani yaro a jarrabawa, kuma kyautar na ɗaya guda ce tak. Ta ba shi. Na riƙe wannan abu a zuciya fiye da shekara ashirin, har wata rana, ina da nawa 'ya'yan, na tambaye ta dalili. Ta ce, "Kai in ka koma gida akwai mai duba maka aiki, shi kuwa babu wanda ya iya karatu a gidansu. Makinku ɗaya ne, amma tafiyarku ba ɗaya ba ce." Na ce, to ai da kin gaya mini haka a lokacin. Ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Da na gaya maka." Iyakar abin da na taɓa samu daga wurinta ke nan mai kama da neman gafara, kuma har yanzu ina ganin hukuncinta daidai ne, shirunta kuwa kuskure ne. Don Bosco da kansa ya rubuta a 1884 cewa bai isa a ƙaunaci yara ba, sai su ma sun san ana ƙaunarsu. Ta cika wannan ga 'ya'yan mutane sarai, amma mu na gida ta ɗauka mun riga mun sani.

Hoto na uku na Waliyyiya Monika ne, kuma wannan saboda ni ya hau bango. Da na shiga jami'a na daina zuwa coci, ba don wata hujja mai zurfi ba, sai don ina ganin cocin da makarantar abu ɗaya ne, kuma su ne suka cinye mini uwa. Na yi tsammanin faɗa, har na shirya amsoshi, amma ba ta ce mini uffan ba. Monika, wadda aka haifa a Tagaste, a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ta yi shekaru tana hawaye da addu'a saboda ɗanta Agustin, har aka yi masa baftisma a Milan a shekara ta 387, ita kuma ta rasu a Ostiya a cikin shekarar. Ikilisiya tana tunawa da ita ranar 27 ga Agusta, da ɗan nata kuma washegari. Kowace shekara a wannan rana mahaifiyata takan kira ni ta tambayi lafiyata da ta aiki, ta ce, "Yau ranar Monika ce," sannan ta yi sallama. Ba ta taɓa ƙara kalma ɗaya a kai ba. Na koma coci daga baya, a hankali, ba tare da wani abin al'ajabi ba, kuma ranar da ta gan ni a benci kusa da ita, matsawa kawai ta yi ta ba ni wuri.

Shekarun ritayarta na farko sun yi mata daɗi. Ba ta daɗe da ajiye alli ba Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙara asirai biyar na haske a addu'ar rosari, wadda Katolika ke yi da carbi, a 2002, suka tashi daga goma sha biyar zuwa ashirin, ita kuma ta rubuta su a kati da kyakkyawan rubutunta na allo ta yi ta bita kamar ɗaliba mai jiran jarrabawa, tana mita cewa an ƙara mata aikin gida da tsufanta. Bayan rasuwar Baba ne muka fara ganin alamu. Ta fara da mance inda ta ajiye makulli, sannan ta fara maimaita tambaya ɗaya sau biyar, har ranar da ta tsaya a tsakiyar ɗakinta ta tambayi yayarmu ko an buga ƙararrawa. Likita ya ce cutar mantuwa ce, irin wadda likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya fara bayyanawa a 1906, ya kuma yi mana bayanin cewa abin da ya faru jiya shi ke fara gogewa, abin da ya daɗe a ƙwaƙwalwa kuwa shi ke jimawa. Haka kuwa aka yi. Sunayen jikokinta suka tafi, sannan namu suka fara tafiya, amma addu'o'inta ba su tafi ba, rajistarta ma ba ta tafi ba.

A watanninta na ƙarshe, da misalin ƙarfe takwas na safe, takan gyara zama a kan gado, ta shafa mayafin da ke kan cinyarta kamar mai buɗe littafi, ta fara kiran sunaye. Sunaye ne na gaske, na yaran da suka zauna a gabanta shekaru arba'in ko hamsin da suka wuce, kowanne da sunan mahaifinsa, a jere kamar yadda suke a takarda. In ta kira aka yi shiru sai hankalinta ya tashi, ta sake kira, ta fara neman takalminta tana cewa sai ta je ta ji abin da ya hana yaron zuwa. Mun sha wahalar kwantar da ita, har wata safiya, ban san yadda aka yi ba, na ji bakina ya amsa, "Ga ni, Malama." Ta dube ni na ɗan lokaci, ta sa alama da ɗan yatsa a kan mayafin, ta wuce zuwa suna na gaba. Daga ranar wannan ya zama aikina. Nakan zo kafin in tafi ofis in zauna a kujerar da ke gefen gadon, in amsa sunan yara arba'in, maza da mata, waɗanda wasunsu na san sun riga mu gidan gaskiya. Ni da na yi ƙuruciyata ina kishin waɗannan yara, ga ni ina ara musu bakina kowace safiya don kada uwata ta fita neman su.

Fada, wato firist, ya zo ya yi mata shafewar marasa lafiya mako biyu kafin ta cika, ta kuma bi shi da Addu'ar Ubangiji daga farko har ƙarshe ba tare da tuntuɓe ba, ko da yake ba ta san ko wane ne shi ba. An ce da Monika za ta mutu ta gaya wa 'ya'yanta kada su damu da inda za su binne ta, abu ɗaya kawai take roƙo, su tuna da ita a gaban bagaden Ubangiji duk inda suke. Mahaifiyarmu ba ta samu damar barin wasiyya irin wannan ba, amma mun san da ta samu da abin da za ta ce ke nan, don haka ranar 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da dukan masu bi da suka rasu, na rubuta sunanta a takardar da ake kaiwa bagade, na sa Malama a gabansa. Allah ya ba ta hutawa ta har abada.

Kwana huɗu kafin rasuwarta, rajistar da ta buɗe ta shekarar da na yi a ajinta ce. Na gane tun daga suna na farko, domin na san yaron, na san wanda ke bin sa, na kuma san cewa nawa yana wajen tsakiya, bayan na yarinyar da ke zama kusa da taga. Na yi ta amsawa ina ƙirgawa a zuciya, muryata tana rawa. Da ta iso kaina ta kira cikakken sunana da na Baba, da irin muryar da ta kira na sauran, ba ƙari ba ragi. Na miƙe tsaye, abin da ban yi wa sauran sunayen ba, na ce, "Ga ni, Malama." Ta ɗaga kai ta dube ni, kallon nan na mai duba ko yaro ya kwana lafiya, ta miƙo hannu ta gyara mini wuyan riga. Sannan ta sa alama a kan mayafin, ta kira yaron da ke bi na, na zauna na amsa masa.